Shekarar da Mahaifiyarku Ta Shuka Ful a Shifa

Ina kan rufin wani bene a unguwar Ulaya, a tsakiyar birnin Riyad, hannuna cikin na'urar sanyaya ɗaki, sai na ji ana ƙwala mini kira daga ƙasa. Na leƙa. Ɗanjuma ne, direban kamfaninmu, mutumin Gusau, yana tsaye a tsakiyar titi yana ɗaga wata takarda sama, motoci suna ta yi masa hon.

"Injiniya! Sauko! An ba ka matarka!"

"Matsa daga titi kada a kaɗe ka," na ce.

"Su kaɗe ni mana! Ai daga yau ka daina cinye mini tuwo!"

Izinin kawo iyali ne ya fito, wanda na daɗe ina nema har na fara fid da rai. Ni ba injiniya ba ne, kun sani. Makarantar koyon sana'a na yi a Funtuwa, Ɗanjuma ne ya liƙa mini sunan don tsokana. Na sauko daga benen nan na manta akwatin kayan aikina a sama, sai da muka kusa ofis na tuna.

Da wannan rana nake so in fara, domin a zaman makokin mahaifiyarku na ji kuna wata magana a tsakar gida, kuna zaton barci nake. Nura ya ce bai taɓa gane dalilin da ya sa muka ƙare zamanmu na Riyad a ƙarshen unguwar Shifa ba, alhali abokan aikina sun koma Ulaya. Fa'iza ta ce ta ji an ce wani girma aka hana ni. Ba wanda ya hana ni komai. An ba ni, ni na ce a bar shi. Ga yadda abin ya kasance.

Mahaifiyarku ta iso a ƙarshen zafi, da Aminu a hannu, lokacin bai daɗe da yaye ba. Gidan da na kama a Shifa ƙarami ne, na bulo, ɗaki biyu da kicin, sai wani fili a baya wanda maginan suka bar tsakuwa da ragowar siminti a ciki. A wancan zamani unguwar ba ta cika ba. In ka fita ƙofa ka dubi kudu, ba ka ganin komai sai fili da duwatsu. Na yi ta ba ta haƙuri a kan nisan wurin. Ita kuwa ba ta ko tsaya duba ɗakunan ba, ta wuce bayan gida da abayarta a jiki, ta durƙusa ta ɗebi ƙasa ta murza a tafin hannu, ta shinshina.

"Malam, wannan ƙasa ce ko gari?"

"Ƙasa ce, Saude. Haka tasu take."

"Allah sarki. Ba ta taɓa cin taki ba."

'Yar manoma ce, kun san gidan kakanku. Tun tana yarinya take da 'yar gonarta a bayan danga, kuma ko bayan aurenmu ba ta taɓa wuce damina ba tare da ta shuka wani abu ba. A cikin kayanta, ƙulle a bakin wani tsohon zane, ta zo da waken da ta ɗebo daga rumbun mahaifinta. Na ce mata a nan ba a noma sai masu injin ban-ruwa. Ta ce to. Mahaifiyarku in ta ce "to" da wannan murya, magana ba ta ƙare ba.

Makonnin farko sun yi mata nauyi. Ina fita da sassafe, ba na dawowa sai bayan magariba. Ba ta jin Larabci in ban da na salla. Ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce ina kwana, ba mai tallar nono, ba kukan akuya. Takan kunna kaset ɗin da 'yan uwanta suka yi mata magana a ciki, ta juya shi, ta sake juyawa, har muryar yayarta ta fara ja. Abin da ya riƙe ta shi ne filin nan. Da hannu ta tsince tsakuwar, ta tara a gindin katanga. Ta sa ni da Ɗanjuma muka je kasuwar tumaki muka ciko bayan motar kamfani da taki, har washegari manaja yana tambaya ko wani abu ya mutu a cikin motar. Na nemo mata fartanya a wajen wasu 'yan Yaman, ta ce ƙotar ta yi tsawo, na rage mata. Ta yi kunyoyi guda huɗu, miƙaƙƙu kamar an ja zare. Sannan ta zauna jiran ruwa.

Nan ne muka yi kuskuren da ba wanda zai yi shi sai irinmu. A wajenmu, in ruwan farko ya sauka ƙasa ta jiƙu, shuka ake yi. Ba wanda yake tambayar wata, domin ruwa da ɗumi tare suke zuwa. A Riyad kuwa ruwa abokin sanyi ne. Ni da na shekara uku a garin na san da haka, amma ban taɓa haɗa shi da shuka ba, don aikina da na'ura ne. Ranar da hadari ya haɗu aka yi ruwan farko, na dawo na same ta jiƙe sharkaf tana dariya, Aminu yana tsalle a cikin taɓo. Ta riga ta shuka waken duka, ba ta rage ko ƙwaya ba.

"Damina ta faɗi, Malam! Ashe su ma Allah yana tuna su."

Waken ya tsiro da kyau. Kowace safiya sai ta ja ni na gani kafin in fita. Sai iska ta juyo daga arewa. Ganyen ya tsaya cak, ya yi rawaya, gefensa ya ƙone kamar an kusanta masa wuta. Ta ƙara ruwa, ta ƙara taki, ta yi addu'a a kansa. Cikin 'yan kwanaki ya kwanta gaba ɗaya. Da na dawo ranar, ta ajiye mini abinci, ta zauna nesa kaɗan, ta jira na gama.

"Malam, ina so ka mayar da ni gida."

"Saboda wake?"

"Ba saboda wake ba. Irin Baba ne, bai taɓa ƙin ƙasa ba. Inda ya ƙi zama, ni ma ban ga yadda zan zauna ba. Ba na jin maganarsu, ba sa jin tawa. Ƙasar ce kaɗai na ɗauka za mu fahimci juna."

Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi tsorata ni. Na san in ta tafi ba za ta dawo ba, ni kuma aikina a nan yake, da shi nake riƙe gidanmu da na iyayena. Za mu koma zaman da muka yi a baya, ina ganin ɗana a hoto. Na roƙe ta ta bari sanyi ya wuce. Ta ce to, amma a wannan karon "to" ɗin ba shi da ƙarfi.

Maƙwabtanmu na jikin katanga Misirawa ne. Mijin malamin makaranta ne, matar kuwa ana kiranta Ummu Adil, doguwa mai jiki, mai murya kamar tana kiran wani daga ƙetaren kogi. Ashe tun daga rufin gidanta, inda take shanya, tana kallon duk abin da mahaifiyarku take yi. Ranar Juma'a ina gida sai ga ta ta buga ƙofa, da kwano a hannu. Ta wuce kai tsaye bayan gida, ta dubi mataccen waken, ta buga ƙirji, ta yi ta zuba magana. Na tsaya daga bakin ƙofa ina fassara abin da na iya kamawa.

"Ta ce wa ya ce ki shuka lubiya, wato wakenmu, a cikin sanyi? Ta ce wannan ɗan zafi ne."

"Ka ce mata ruwa aka yi."

"Ta ce ruwan nan ba naki ba ne, na ful ne."

Ta buɗe kwanon. Wani irin wake ne manya, masu faɗi, ruwan ƙasa-ƙasa, kowanne ya kai kan babban yatsa. Na san shi a dafe, domin shi muke karyawa da shi da gurasa a shagunan bakin hanya, amma ban taɓa tunanin yadda ganyensa yake ba. Ummu Adil ta ce daga gonar mahaifinta yake, ita ma 'yar ƙauye ce, gidansu na nan dai siminti aka malale shi ko'ina. Ta ce an ɗan makara, amma zai yi. A jiƙa shi ya kwana, a binne shi zurfin yatsa, a ba shi tazara. Mahaifiyarku ta juya ƙwaya ɗaya a hannu tana kallo.

"Tambaye ta, sanyin fa?"

Na tambaya. Matar nan ta yi dariya har tana riƙe katanga. Ta ce sanyi ai shi ne abincinsa.

Da za ta tafi ta dafa kafaɗar mahaifiyarku ta kira ta Ummu Aminu. Mahaifiyarku ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage. Ita da ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, "yaron nan" take cewa, ga shi an ɗora mata sunan a ka, kuma da shi aka san ta a unguwar har muka baro.

Ta shuka ful ɗin, amma ba da irin murnar farko ba. Tana rufe ramin ƙarshe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in wannan ma ya mutu in fara nemo mata takardar tafiya. Na ce na ji.

Ya daɗe bai fito ba, har na fara zagayawa bayan gida a ɓoye ina tona gefen kunya da ɗan tsinke. Sai wata safiya ga su, kawuna a lanƙwashe, masu kauri, sun ɗago ƙasa. Ba ya yaɗo kamar namu. Tsaye yake tashi, karansa mai kusurwa huɗu, ganyensa kore mai ɗan toka-toka. Sanyi yana ƙaruwa, shi kuma yana ƙara tsawo. Mahaifiyarku ba ta yarda ba duk da haka. Ta ga abin da sanyi ya yi wa waken mahaifinta. Don haka kullum kafin magariba sai ta kafa 'yan sanduna, ta fito da atamfofin lefenta, waɗanda ko ɗinkawa ba ta yi ba, ta lulluɓe kunyoyin da su. Ummu Adil takan leƙo daga rufi ta yi ta ihu.

"Me take cewa, Malam?"

"Ta ce ful ne, ba amarya ba."

"Ka ce mata na gode. Miƙo mini wancan shuɗin."

Aikina yakan yi sauƙi a lokacin sanyi, don ba mai neman a gyara masa na'urar sanyi yana rawar ɗari. Sai nake dawowa da wuri. Ban taɓa zama da mahaifiyarku kamar a watannin nan ba. Mukan zauna a bakin kunyoyin da shayi bayan la'asar, tana ba ni labarin wace ce ta fi tsawo yau. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk a bokiti take tarawa ta kai musu. Da wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe suka taru a kan tohon, ta sa na ƙona katakon kwalin kaya ta barbaɗa toka kamar yadda ake yi a gida, Ummu Adil kuma ta zagayo ta nuna mata yadda ake tsinke kan da farce. Kowace ta tafi tana ganin dabararta ce ta yi aiki. A wajen ful ɗin nan ta koyi Larabcinta na farko: ruwa, ƙasa, fure, gobe. Ita ma Ummu Adil ta koyi "sannu" da "kai!", tana faɗinsu inda suka dace da inda ba su dace ba. Wata rana na dawo na ji su biyun suna ƙyalƙyala dariya a bayan gida, ba mai fassara. Na tsaya a zaure na daɗe ban shiga ba.

Ana cikin haka, a tsakiyar kwanakin da mutanen garin suke cewa su ne zuciyar sanyi, manaja ya kira ni ofis. Kamfani ya karɓi kula da wani sabon bene a Ulaya, ana son mutum ɗaya ya zauna a ciki ya shugabanci masu gyara. Da gida a hawa na huɗu, da ƙarin albashi. Sharaɗin ɗaya ne, a tare cikin makon, domin masu benen suna son mutum a kusa dare da rana. Ya ce ni ya zaɓa. Ɗanjuma ya rungume ni a bakin ofis har ya ɗaga ni sama.

Na gaya wa mahaifiyarku a daren, ban rage komai ba. Ta ce alhamdu lillahi, Allah ya sa alheri, wannan ai abin da ake fita nema ke nan. Washegari na kai ta ta gani. Gida ne mai kyau, ba zan rage masa ba. Ta shafa bango, ta buɗe famfo ta rufe, ta yaba kicin. Sannan ta je taga ta leƙa ƙasa, ta daɗe tana kallon motoci.

"Yana da kyau, Malam. Ka karɓa."

"Ful ɗin fa?"

"Ai wake ne. Ba a ƙin arziki saboda wake."

Da gaske take faɗa, na san ta. Amma da muka koma Shifa, ba ta ko cire abaya ba ta wuce bayan gida. Ranar ce furen farko ya buɗe, fari da ɗigon baƙi a tsakiya, ga wani ƙamshi mai sanyi da ban taɓa jin irinsa ba. Ta durƙusa ta kai hanci. Ta ɗaga murya ta kira Ummu Adil ta katanga, da Larabcinta guntu-guntu, tana cewa fure, fure. Ina tsaye ina kallon bayanta. Na tuna matar da na tarar a makonnin farko tana juya kaset. A hawa na huɗu ba ƙasa, ba katangar da za a leƙo. Na san za ta bi ni, ba za ta ce komai ba, kuma kafin zafi ya shigo za ta sake ajiye mini abinci ta zauna nesa kaɗan.

Da safe na je na ce wa manaja na gode, a ba wani. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya tambayi dalili, na gaya masa gaskiya, don ban iya shirya wata magana ba.

"Ful?" ya ce. "Ful ɗin da ake sayarwa a kowace kwana? Zan saya maka buhu!"

"Ba irin wannan ba ne, ranka ya daɗe."

Muka shiga mota ni da Ɗanjuma, har muka yi rabin hanyar wurin aiki. Sannan ya ce, "Injiniya, na ga wanda ya bar aiki saboda mace, na ga wanda ya bari saboda uwa. Kai ne na farko saboda miya." Aka ba wani ɗan Sudan wurin, mutumin kirki, daga baya ma ya zama shugabana. Irin wannan dama ba ta sake zuwa ba. Wannan shi ne girman da kuka ji an ce an hana ni.

Da na gaya wa mahaifiyarku, ta ce ban kyauta wa kaina ba. Ta yi fushi na gaske, har ba ta zauna shan shayi da ni ba. Kuma kamar an shirya, a yammacin nan iskar arewa ta taso da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Muka lulluɓe kunyoyin, muka danne bakin atamfofin da duwatsu.

Da na fito alwalar asuba, ruwan bokiti ya yi ɓawon ƙanƙara a sama, sai da na fasa shi da yatsa. Gari na wayewa muka zagaya baya. Iska ta kwashe atamfofin, ɗaya tana rataye a katanga, ɗaya ma a gidan Ummu Adil aka tsince ta. Ful ɗin kuwa duk ya kwanta. Ganyen ya yi duhu, ya yi laushi kamar an tsoma shi a tafasasshen ruwa, kawunan sun sunkuya har ƙasa. Daidai yadda waken ya yi.

Mahaifiyarku ta tsaya da hannu a ƙirji. Ni kuwa na tsaya a bayanta ina lissafi. Na bar gidan Ulaya jiya, ga abin da na bar shi dominsa a kwance, ga kuma alkawarin takardar tafiya da na ɗauka da bakina.

"Malam," ta ce a hankali, "ka koma wajen manajan. Wataƙila bai ba kowa ba tukuna."

"Ya bayar."

Ta sunkuya za ta tuge na bakin kunya. Sai muka ji murya daga sama. Ummu Adil ce a kan rufi, ta lulluɓa da bargo har ka, tana ɗaga hannu tana ihu. Wannan karon ban fassara ba, mahaifiyarku ta ji da kanta. Kada ki taɓa. Jira rana.

Ban je aiki da wuri ba ranar. Muka ɗauko tabarma muka zauna a bakin ƙofar kicin, Aminu a tsakaninmu cikin rigar sanyi. Rana ta hau katanga, ta sauko kan kunya ta farko. Ba abin da ya faru. Na tashi na ɗora shayi don in sami abin yi. Ina cikin kicin na ji ta ce, "Malam. Zo." Ba da ƙarfi ba.

Na kunya ta farko ya ɗago kai. Ba a ganin motsinsa, amma in ka kau da ido ka dawo sai ka ga ya ƙara miƙewa. Ɗaya bayan ɗaya, yadda rana take bin su. Kafin hantsi ya yi sosai duk suna tsaye, ganyen ya koma launinsa, sai 'yan furannin da suka buɗe ne kawai suka zube, ga wasu tohon a bayansu. Mahaifiyarku ta bi kunyoyin tana taɓa kowanne da bayan yatsa. Sai ta fashe da dariya, tana yi tana share ido da bakin mayafi.

"Kai! Ashe sujada yake yi!"

"Kai! Sannu!" in ji Ummu Adil daga sama.

Daga ranar ba ta sake lulluɓe shi ba. Ta wanke atamfofin ta kai wa tela. Shuɗin nan shi ne wanda kuke gani a hoton sunan Fa'iza, in kun duba gefen zanen za ku ga inda dutse ya huda shi.

Sanyi na sassautawa ya yi 'ya'ya, kwasfa masu kauri, cikinsu da laushi kamar auduga. Nan ma sai da aka yi gardama. Ummu Adil ta ce a ci shi ɗanye da cuku, mahaifiyarku ta ce ba a taɓa wake sai ya bushe, wannan ɓarna ce. Suka raba, kunya biyu na ɗanye, biyu na bushewa. Da ya bushe ta jiƙa, ta cire ɓawon, ta niƙa da albasa da attarugu, ta soya ƙosai. Ta aika wa maƙwabta, ta kira Ɗanjuma. Ba a jima ba sai ga Ummu Adil da faranti a hannu, ta ce wannan ai ta'amiyarsu ce ta Masar, wa ya koya mata? Mahaifiyarku ta ce ƙosai ne, tun kakanninta ake yi. Ummu Adil ta ce an manta ganye. Mahaifiyarku ta ce ba a manta ba, ba a sawa ne. Shekara da shekaru suna wannan musu, ba wadda ta sauka. Ɗanjuma dai ya cinye na gabansa ya jawo nawa.

"Injiniya, na janye maganata. Amma rabi kawai."

Ban taɓa tambayarta zancen tafiya ba, ita ma ba ta ɗauko shi ba. Abin da ya faru shi ne, ranar da ta gama sussuka, ta ware mafi girman ƙwayoyin ta zuba a kwalba da toka, ta ɗaure bakin. Tana ɗaurewa ta ce, "Baɗi da wuri zan shuka. Ka gaya wa Ɗanjuma taki zai ƙaru, zan kai kunyoyin har bakin katanga." Na ce to. Na fita ƙofar gida na tsaya ina kallon filin kudu har na sami kaina.

A gidan nan aka haifi Fa'iza da Nura. Na yi ta tafiya mai nisa zuwa aiki har na yi ritaya, kuma kun tashi a ɗaki biyu alhali kuna iya tashi a bene. Wannan shi ne abin da ful ɗin ya ci mana, kuma ku ma kun biya, shi ya sa ya kamata ku sani. Daga baya ta koyi shuka wakenmu idan zafi ya fara shigowa, ya kuma yi. Amma ful ne ba ta taɓa tsallake shekararsa ba. Da Ummu Adil za su koma ƙasarsu, daga kwalbar mahaifiyarku ta ɗebi irin da ta tafi da shi.

Bayan mun dawo gida ta gwada shi a Funtuwa. Yakan tsiro, ya yi fure, furen ya zube, sanyinmu bai ishe shi ba. Ta ce sai dai Jos. Da aka kai Fa'iza aure can, ta yi murna biyu. Bara ta sa Aminu ya aiko mata da sabon iri daga Riyad, ta zuba a kwalba da toka, muka yi shawara in damina ta ɗauke za mu je mu kwana biyu, ta yi kunyoyi a bayan gidan Fa'iza. Ciwon ajalinta ya riga damina ɗaukewa.

Kwalbar tana kan kantar ɗakinta, bayan kwanonin. Ban buɗe ba. Ba mu je Jos ba har yanzu.